Rodi Yana Karyewa a Wurin Lanƙwasa: Ƙarfi Ne Ya Yi Masa Yawa Ko Gautsi Ne?

Tambaya: Ina gina bene hawa ɗaya. Mai ɗaurin rodi ya zo lanƙwasa rodi mai milimita 12, sai guda huɗu suka karye tsaf a daidai gwiwar, wasu kuma suka yi 'yar tsaga ta baya. Na koma wurin mai sayarwa, ya ce ai ƙarfin rodin ne ya yi yawa, rodi mai kyau dama ba ya son lanƙwasa. Gaskiya ne? In ci gaba da aiki da shi?

Amsa: Malam, a dakata da zuba kankare a kan wannan rodin tukuna. Maganar mai sayarwa tana da ƙamshin gaskiya, amma ita ce ma hujja a kansa. Mai yiwuwa ne rodin ya ɗauki ja mai yawa kafin ya tsinke, sai dai ba wannan kaɗai ake nema a ƙarfen gini ba. Kafin mu ɗora wa rodin laifi kuma, sai mun leƙa bencin mai ɗaurin, domin sau da yawa daga nan ɓarnar take.

Matsalar ta fara ne daga kalmar "ƙarfi". A bakinmu abu ɗaya ne, a wurin injiniya kuwa abubuwa uku ne da ba su da tilas su haɗu a ƙarfe ɗaya: tsaurinsa, wato yadda yake ƙin miƙewa idan an ja shi, iyakar jan da zai ɗauka kafin ya sallama, da kuma danƙonsa, wato nisan miƙuwar da zai yi bayan ya sallama kafin ya tsinke. Tangaran yana da tsauri, ba shi da danƙo ko kaɗan. Wayar ɗauri tana da danƙo, ba ta da wani abin a zo a gani wajen ɗaukar nauyi. Rodi ana so ya haɗa duka.

Yadda ake aunawa shi ne a raba nauyin da ke jan ƙarfen a kan faɗin bakinsa. Idan ka yanke rodi mai milimita 12 ka dubi bakin, faɗinsa murabba'in milimita 113 ne. Lambar da ake kiran rodi da ita, 460 ko 500, tana nufin jan da kowane murabba'in milimita ɗaya zai ɗauka kafin ya sallama, da ma'aunin da ake rubutawa MPa, wato jan Niyuton ɗaya a kan kowane murabba'in milimita. Ka ninka 113 sau 460, za ka samu kusan Niyuton 52,000, wato nauyin tan 5.3 a rataye a jikin sanda ɗaya. Rodi mai santsi na da, wanda ba shi da zane a jiki, lambarsa 250 ce.

To mene ne "sallamawa"? A injin gwaji ana damƙe guntun rodi sama da ƙasa a riƙa ja a hankali. Da farko yana miƙewa daidai gwargwadon jan da aka yi masa, ka ninka jan ya ninka miƙuwa, ka saki ya koma tsawonsa kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ita ce ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a Ingila a 1678. Miƙuwar ƙarama ce ƙwarai: rodi mai lamba 460 yana miƙewa milimita 2.3 kacal a kowace mita kafin ya kai iyakarsa. Da ya kai wannan gaɓar sai allurar injin ta tsaya, nauyi bai ƙaru ba amma ƙarfen yana ta miƙewa. Ya sallama ke nan, kuma daga nan ko an sake shi ba zai koma yadda yake ba. Idan aka ci gaba da ja sai ya sake yin ɗan taurin kai, ya ɗauki nauyin da ya fi na farko, sannan wani wuri ɗaya a jikinsa ya fara sirancewa kamar wuyan kwalba, a nan zai tsinke. Rodi mai lafiya yana ƙara aƙalla kashi 14 cikin ɗari na tsawon da aka auna kafin hakan ta faru. Dubi tazarar: milimita 2.3 a mita kafin sallamawa, sannan ninkin wannan sau da dama bayan sallamawa. Wannan doguwar tazara ita ce danƙo, kuma ita ce rodinka yake neman nuna maka ba shi da ita.

Lanƙwasa ba komai ba ce illa tura ƙarfe da gangan ya wuce gaɓar sallamawa. Bayan gwiwar yana miƙewa, cikinta yana matsewa. Yawan miƙuwar da bayan zai yi ya dogara ne da kaurin abin da aka naɗe rodin a kansa, kuma lissafin ba wuya: ka raba kaurin rodin da jimillar kaurin turken da na rodin. Ƙa'idar aikin kankare ta Birtaniya da ta Turai, wadda injiniyoyinmu suka fi bi, ta ce rodin da bai wuce milimita 16 ba a lanƙwasa shi a kan turke mai kaurin ninki huɗu na kaurinsa, daga milimita 20 zuwa sama kuma ninki bakwai. Don haka rodi 12 yana buƙatar turke mai milimita 48. A haka fatar bayan gwiwar za ta miƙe da kashi 20 cikin ɗari, rodi mai kyau zai shanye wannan ba tare da ko gezau ba.

Yanzu je ka dubi bencin da ake aikin. Yawanci katako ne mai kauri da aka kafa wa guntayen rodi biyu ko uku a matsayin turaku, mai ɗaurin ya sa ƙarfen lanƙwasa ya fizgo. Idan turken guntun rodi 16 ne, miƙuwar bayan gwiwar ta kai kashi 43 cikin ɗari. Idan 12 ne, rabi cur. Ƙari a kan haka, zanen da ke jikin rodi, wanda aka yi don ya kama kankare, gindin kowane zane kamar ɗan tsagi ne, kuma ja yana taruwa a irin wannan wuri ya ninka na sauran jikin. Shi ya sa idan ka duba tsagar da kake gani za ka tarar daga gindin zane ta taso. Masu ɗauri suna son gwiwa mai kaifi don ta fi kyan gani kuma zoben rodin da ke kewaye sandunan pila ya fi zama daram a kusurwa, amma kyan ganin nan cin amanar ƙarfe ne.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. Guntun bututun ƙarfe mai kauri, na inci ɗaya da rabi, kaurinsa ta waje kusan milimita 48 ne daidai. A zura shi a kan turken a lanƙwasa rodi 12 a jikinsa. Na inci ɗaya da kwata ya dace da rodi 10, na inci ɗaya da rodi 8 da ake yin zobe da shi. A ja a hankali ba tsayawa, ba fizga ba, ba bugu da guduma ba. Idan aka yi haka karyewar ta tsaya, to yawancin laifin na benci ne. Idan har yanzu yana karyewa ko yana tsagewa, rodin ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka karye ka dubi bakin a rana. Ƙarfe mai danƙo idan ya rabu bakinsa toka-toka ne, ba ya ƙyalli, gefen ya ɗan sirance, kamar an yage shi. Mai gautsi kuwa bakinsa a miƙe yake kamar an sare, kaurinsa bai ragu ba, yana ƙyalƙyali da 'yan ƙwayoyi kamar sukari. Ƙarar ma daban ce, mai gautsi "ƙas" yake yi lokaci ɗaya.

Abin da ke jawo gautsi yana cikin haɗin ƙarfen. Ƙarfe yana lanƙwasuwa ne saboda ƙwayoyin zarrarsa a jere suke layi-layi, kuma layukan suna iya zamewa a kan juna kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake matsar da babbar darduma ta hanyar tura ɗan tudun da ya taso a jikinta daga wannan gefe zuwa wancan. Sinadarin kabon yana tare wannan zamewar. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara wa ƙarfe jimirin ɗaukar nauyi, idan ya yi yawa sai zamewar ta gagara, ƙarfen ya rasa hanyar sassautawa sai tsagewa. Shi ya sa ƙa'idar rodi ta Birtaniya, BS 4449, ta taƙaita kabon a kashi 0.22 cikin ɗari, fosfarus da farar wuta kowanne kashi 0.05. Fosfarus yana sa ƙarfe gautsi a sanyi, farar wuta da jan ƙarfe kuma suna sa fatarsa tsattsagewa tun yana da zafi a masana'anta.

A nan maganar jari-bola ta shigo. Kamfanonin murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo an kafa su ne a farkon shekarun 1980 don su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga masana'antar ƙarfe ta Aladja da ke jihar Delta a yau, Ajakuta kuma har yau ba ta kankama ba, don haka mafi yawan rodin gida daga narkakken tsohon ƙarfe yake fitowa. Wannan a kan kansa ba aibi ba ne, ƙasashe da yawa da tsohon ƙarfe suke yin rodinsu. Aibin yana wurin rashin tantancewa. Bulok ɗin injin mota ƙarfen zubi ne, kabon ɗinsa ya haura kashi 3 cikin ɗari. Sifirin ɗin babbar mota yana da kusan kashi 0.6. Idan aka watsa irin waɗannan a tukunya ba awo, kuma tukunyar irin wadda narkarwa kawai take yi ba ta tacewa sosai, zubin yau zai bambanta da na gobe. Shi ya sa a mota ɗaya za ka samu bandir mai kyau da bandir mai gautsi, alhali tambarinsu ɗaya.

Akwai kuma rodin da ake kira TMT, wanda ake samo jimirinsa ba ta hanyar ƙara kabon ba. Yana fitowa daga injin murza ja-wur sai a feshe shi da ruwa na ɗan lokaci, fatarsa ta sandare ta yi tauri, sannan zafin da ya rage a ciki ya fito ya sassauta taurin, cikin kuma ya huce a hankali ya zauna da laushinsa. A Beljiyam aka ƙirƙiro dabarar a shekarun 1970. Idan an yi daidai, babu kamarsa: fata mai jimiri, ciki mai danƙo. Idan aka zarce da ruwan, taurin ya ci har ciki, sai a samu rodin da zai ba da lamba mai tsoratarwa a injin gwaji, 600 ko fiye, amma ya karye a benci. Irin wannan ne mai sayarwa zai buga ƙirji ya ce ƙarfinsa ya yi yawa.

Me ya sa injiniya ya damu da danƙo haka, tunda rodin a cikin kankare zai kwanta ba wanda zai sake lanƙwasa shi? Saboda yadda bim yake aiki. Bim ko dekin da aka ɗora wa nauyi samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa. Kankare gwani ne wajen ɗaukar matsi, amma a ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Miƙuwar milimita 0.1 kacal a mita ta isa ta tsaga shi. Don haka ƙasan bim a tsattsage yake da siraran tsagogi ko da lafiyarsa ƙalau, rodi ne ke riƙe da jan gaba ɗaya, kuma tsagar da ba ta wuce milimita 0.3 ba ba abin tayar da hankali ba ce. Da gangan ake tsara bim yadda idan nauyi ya fi ƙarfinsa, rodi ne zai fara sallamawa kafin kankaren sama ya murƙushe. Rodin yana miƙewa, tsagogin suna buɗewa, bim yana yin ciki, filasta tana zubowa, ƙofofin ƙasa suna ƙin rufuwa. Mutane su gani, su fita, a kawo tokara. A wannan lokacin ma wurin da ya sallama yana miƙa wa maƙwabtansa wani kaso na nauyin, ginin ya ci gaba da tsayuwa. Rodi mai gautsi ba ya ba da wannan rata. Ranar da aka jibge buhunan siminti ɗari a tsakiyar dekin, ko aka ɗora tankin ruwa inda ba a tsara ba, ko harsashi ya ɗan zauna ta gefe ɗaya, ɗaya zai tsinke, nauyinsa ya faɗa kan na kusa da shi, shi ma ya bi.

Wani abu da mutane kan ruɗe a kai: tsaurin ƙarfe ba ya canjawa da lambarsa. Rodi 250 da 460 da 500 duk tsaurinsu ɗaya, kusan MPa 200,000. Saboda haka sayen rodi mai babbar lamba ba zai hana dekin yin ciki ba. Abin da ke hana wannan kauri ne da tazarar ginshiƙai. Ka rage kaurin dekin daga milimita 150 zuwa 125 don tsimin siminti, lotsawarsa a nauyi iri ɗaya za ta ninku kusan sau 1.7. Ka buɗa tazara daga mita 4 zuwa 5, ta ninku kusan sau biyu da rabi. Kankare kuma yana ci gaba da saki a hankali shekara da shekaru a ƙarƙashin nauyi, har lotsawar ƙarshe ta kai ninki biyu zuwa uku na ta ranar da aka cire katako.

Mu dawo kan rodinka. Ga abin da za ka yi kafin ka sake zuwa wurin mai sayarwa. Yanko mita ɗaya-ɗaya daga aƙalla sanduna uku na bandir daban-daban, da zarto ko injin yanka, ba da wutar walda ba. Fara da sikeli. Mita ɗaya ta rodi 12 nauyinta kilo 0.888 ne, ta 10 kilo 0.617, ta 16 kilo 1.58, lissafin shi ne kauri sau kauri a raba da 162. Rangwamen da ƙa'ida ta yarda da shi kashi 4.5 ne cikin ɗari, wato rodi 12 kada ya gaza kilo 0.848. Sikeli ya fi abin auna kauri gaskiya a nan, domin zanen jikin rodi yana ruɗar awo. Kada ka raina milimita ɗaya: rodin da aka sayar maka a matsayin 12 alhali 11 ne, faɗin bakinsa 95 ne maimakon 113, ka yi asarar kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen da injiniya ya lissafa. A tan ɗaya na rodi 12 mai tsawon mita 12 sanduna 93 zuwa 94 ake samu. Wanda ya yi maka alkawarin 110 a tan ba kyauta ya yi maka ba, siraran ya ba ka.

Sannan gwajin lanƙwasa a kan bututun da na ambata, a naɗe shi har ya yi kamar ƙugiya, a duba bayan gwiwar da kyau. Ko siririyar tsaga ce ta ratsa, ya faɗi. A masana'anta akwai gwajin da ya fi wannan tsanani: a lanƙwasa, a ajiye shi a zafin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, sannan a ɗan mayar da shi baya. Dalilin dafawar shi ne ƙarfen da aka lanƙwasa yana ƙara gautsi da kwanaki, naitirojin da kabon da ke cikinsa suna taruwa a wuraren da suka zame su kulle su, zafin yana gaggauta abin da watanni za su yi ne kawai. Wannan yana da amfani a sani, domin al'ada ce a wuraren gini a kwantar da rodin pila da ya leƙo saman dekin, bayan shekara ɗaya da kuɗi suka samu a zo a miƙar da shi da bututu. A nan ake karya da yawa, wasu kuma su tsage a gindi inda ido ba ya gani.

Hujjar da ba a musu da ita ita ce ta injin gwaji. Sassan koyar da injiniyan gine-gine na jami'o'i da manyan kwalejojin fasaha, da ɗakunan gwajin kayan gini masu zaman kansu, suna yin wannan aikin, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin dekin. A takardar sakamakon dubi abu uku tare: gaɓar sallamawa kada ta gaza lambar da injiniyanka ya yi lissafi da ita, nauyin ƙarshe da ya ɗauka ya fi na sallamawa da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, miƙuwa kuma ta kai kashi 14. Ka tambaye su da wane faɗi suka raba nauyin. Idan da faɗin siririn rodin na zahiri suka raba, lambar za ta fito da kyau alhali sandar ba ta ɗauki abin da ya kamata ba. Da 113 ya kamata a raba, tunda a matsayin 12 aka sayar maka.

Abu biyu da za a ba ka shawara a wurin aiki, kada ka karɓa. Na farko, a gasa gwiwar da wuta don ta lanƙwasu ba karyewa. Za ta lanƙwasu kam, amma idan TMT ne zafin ya warware taurin fatar, jimirin wurin ya koma kusan na rodi mai santsi. Idan kuma aka watsa masa ruwa yana ja-wur, ya zama mai gautsi kamar gilashi. Ƙarfen gini yana rasa kusan rabin jimirinsa a zafin digiri 600, kuma ba mai auna zafin a wurin gini. Na biyu, a ɗiga walda a haɗa zobe da sandunan pila maimakon waya. Ɗigon walda yana zafafa ɗan ƙaramin wuri, sanyin sauran sandar ya zuƙe zafin nan take, sai wurin ya sandare ya zama mafarin tsaga, musamman a ƙarfe mai yawan kabon. Jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty da Amurka ta ƙera guda 2,710 a yaƙin duniya na biyu sun koya wa injiniyoyi wannan darasi: da yawa sun tsage, wasu sun rabe biyu, kuma tsagogin daga kusurwoyi masu kaifi da lahanin walda suke tasowa. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ce ta nuna cewa ƙarfen nasu yana komawa mai gautsi a sanyin teku, ƙaramin tsagi kuma ya ishe shi ya ratsa jirgi sukutum.

Duk sandar da ta tsage a gwiwa a yanke wurin a jefar, ba a like ta da walda. Idan gwajin ya nuna gautsi ne, a mayar da kayan gaba ɗaya, kada a ce za a tsince masu kyau, domin ba a gane su da ido. In kuwa an riga an zuba wani sashe da wannan rodin, a faɗa wa injiniyan da ya tsara ginin ainihin inda aka sa shi. Pila da nauyinta matsi ne zalla ba ta kai bim da dekin haɗari ba, sai dai zobbanta da kowannensu ke da gwiwa huɗu ko biyar. Wurin da ya fi kowanne buƙatar a duba shi ne baranda mai leƙowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta: rodinta a sama yake aiki, layi ɗaya ne, kuma idan ya tsinke babu maƙwabcin da zai karɓi nauyin. Irin wannan a bar tokararta a wurin har sai sakamakon gwaji ya fito injiniya ya gani.